Ranar Da Kasuwar Kifi Ta Dawo Da Goron Aurena

"Umaima! Fito ki ga abin da saurayinki ya ja mana!"

Gabana ya yanke ya faɗi tun kafin in san mene ne. Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma tunda na yi wayo Umma ba ta taɓa kama sunana gatsal ba, sai dai ta ce "ke" ko "'yar gidan Iya". In kuka ji ta kira Umaima da bakinta, to alkunya ta ƙare, abu ya ɓaci.

Na fito da hannu ɗaya a cikin rigar atamfar da tela ya aiko in gwada, ɗayan hannun a waje, ɗankwali a kafaɗa. A tsakar gida, gefen randa, ga buhu a yashe, bakinsa a buɗe. Goro ne fari da ja a cikin ganyensa, da alawa, da cingam. Na gane ƙullin ledojin, don ni da kaina na ƙulla su jiya har yatsuna suka yi ja.

"Ɗan acaɓa ne ya dire shi a ƙofar gida," in ji Umma. "Ko mashin bai kashe ba. Wai in ji 'yan kasuwar kifi, sun gode."

'Yan uwa masu karatu, wanda bai san garinmu Haɗeja ba zai ce to mene ne a ciki, goro ne kawai. Goron sa ranata ne. In aka sa ranar aure aka raba goro, duk wanda ya karɓa ya ce amin ke nan. Ko ba ka son auren, karɓa kake yi ka ba wani ya tauna. Amma a tattara shi kaf, a ɗaure, a dawo da shi gidan uban yarinya ranar Juma'a da tsakar rana, unguwar Matsaro duk tana kallo? Kakata Iya, da ke zaune a inuwar darbejiya tana gyaran zogale, ta ce ita da tsufanta sau ɗaya ta taɓa ganin haka, kuma auren nan ba a yi shi ba.

"Iya, don Allah!" na ce.

"To ƙarya zan yi miki? Ki tambayi angon nawa abin da ya shuka."

Umma ta miƙo mini wayarta. Bidiyo ne wata maƙwabciya ta turo mata. Ina dannawa sai ga Abdulmannan, cikin farar shaddarsa mai ƙaramin aiki a wuya, hula zanna a karkace kaɗan yadda nake so, yana murmushin nan da ya sa na ba shi lambata tun ranar farko. A bakin kasuwar kifi yake tsaye. A bayansa kuma, ɓaro-ɓaro, rumfar Babana ce mai shuɗiyar ƙofa.

Bari in gaya muku ko wane ne Babana. Alhaji Haladu fatoma ne. Masunta daga Baturiya da Guri da ƙauyukan bakin kogi, in sun yi bandar kifinsu sun cika kwalaye, gidansa suke sauka. Shi zai ba su masauki, ya adana kayan a shagonsa, ya samo musu masu saye daga Kudu, ya tsaya wa wannan ya tsaya wa wancan, ya ɗauki la'adarsa. Karatuna, suturata, har atamfar da ke rataye a jikina a lokacin, duk daga la'adar nan suka fito.

Ga abin da saurayina yake cewa, yana nuna rumfar da babban yatsa:

"Jama'a, ku kalli bayana. Masunci ya wuni cikin ruwa, ciyawar kacalla ta yanke shi, sauro ya cije shi. Ya kawo kifinsa, amma ba zai sayar ba sai ya miƙa wa mutumin da ke zaune a inuwa. Shi zai ajiye, shi zai yi ciniki, shi zai riƙe kuɗin. To haka manyan kasuwannin kirifto, kuɗin intanet, suke, waɗanda kamfani ke da su. Dukiyarka na hannunsu, makulli, wato lambobin sirrinta, na hannunsu. Ranar da suka ga dama suka rufe ƙofa, sai dai ka tsaya a waje kana bugawa. Amma akwai kasuwar da ba ta da maigida. Kai da mai saye, manhaja ce ke haɗa ku, kowa na ganin komai, makullinka na aljihunka. Ita ce gobe. Nan da 'yan shekaru, mai zama a tsakiya, na kifi ne ko na kirifto, sai ya nemi wata sana'ar. Zamanin kaska ya wuce."

Kaska! Na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Abin haushin, duk da haka sai da wata zuciyar ta raɗa mini, kai, amma mutumin nan ya iya bayani. Na yi saurin tsine wa wannan zuciyar.

Baba ya dawo daga masallaci, ya tsallake buhun kamar bai gan shi ba. Ya cire babbar riga ya rataye, ya ci dambunsa har ya suɗe hannu, ya sha ruwa. Sai da ya goge baki sannan ya ce, ba tare da ya kalle ni ba:

"Ban ce an fasa ba. Yaron nan ban san shi da mugun hali ba. Amma mutanen nan da su na yi ƙuruciya, da su na yi gemu, kwano ɗaya muke sa hannu. Auren da kasuwa ba ta ci goronsa ba, ba zan zauna a ɗaura shi ba. Ki gaya masa haka."

Na shige ɗaki na rufo ƙofa, na faɗa kan katifa, na hau rubutu.

"Ka kashe ni, Abdul. Duk faɗin Haɗeja ka rasa inda za ka tsaya sai ƙofar Babana?"

Nan take amsa ta shigo. "Wallahi hasken wurin ne ya fi kyau. Bidiyon ya daɗe, ba wanda ya kula shi sai yanzu da sunana ya bi goro."

"Haske? Haske ka ce mini?"

"Ki yi haƙuri, ranki ya daɗe."

"Goge shi. Ka je ka ce musu duk ƙarya ce, sharrin shaiɗan ne."

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina kallon alamar tana fitowa tana ɓacewa. Can sai ga saƙon murya. Na manna wayar a kunne.

"Umaima, kalmar kaska kuskure ce babba, kuma zan durƙusa a gaban kowa in nemi gafara a kanta. Amma in ce abin da na faɗa a kan kasuwa ƙarya ne, ba zan iya ba. Kin san jarina na farko, wanda na tara da gyaran waya, a irin kasuwar kamfanin nan ya maƙale. Na kwanta da dukiya na tashi da saƙon ban haƙuri da Turanci. Ba wanda zan kama, ba ofishin da zan je. Tun ranar na yi alkawarin duk yaron da ya zo shagona koyo, zan fara koya masa riƙe makullinsa. In na yi wa Baba ƙarya don in same ki, wane irin suruki ya samu?"

Na jefar da wayar kan filo. Ku faɗa mini gaskiya, ya ake yi da namijin da ke ba ki haushi da ainihin abin da ya sa kike son sa? Samarin da suka yi ta zarya a ƙofar gidanmu, ko cewa aka yi su rantse rana daga yamma take fitowa, rantsewa za su yi a ba su ni. Shi kuwa wannan, mai shago ɗaya a Yankoli da tsohon mashin, ya ƙi.

Washegari Baba ya aiko da saƙo daga kasuwa: Sarkin dillalai ya ce yaron ya zo ranar Lahadi, ranar da kasuwa ke ci, ya maimaita maganarsa a gaban masu ita.

Lahadi da safe ina zaune na haɗa kai da gwiwa, Iya ta leƙo ɗakina da kwandonta a hannu.

"Tashi ki raka ni kasuwa, ƙafata na ciwo."

"Iya, Baba zai yanka ni."

"Ni na haifi Baban. Sa hijabin uwarki, ki ɗaura abin rufe hancin nan na 'yan asibiti. Ko so kike a yi wa angona taron dangi ba mai ba mu labari?"

Haka na zurma hijabin Umma ruwan toka mai jan ƙasa, na sa takunkumi, na saka silifas ɗin wanka don kada takalmina ya tona ni. Muka hau Keke.

Wanda bai taɓa shiga kasuwar kifin Haɗeja ranar Lahadi ba, bai san hayaniya ba. Ƙamshin banda tun daga titi yake tarar mutum, ya shige hijabi ya zauna. Kwalaye jibge sun fi tsayin mutum, an ɗaure su da igiya, kowanne da alamar mai shi. Manyan motoci sun juya baya suna jiran lodi. Can gefe masu bandar kwaɗi sun baje nasu. Hausa, Barbarci, Fulatanci da Turancin 'yan Kudu duk sun cakuɗe. Iya ta ja ni muka zauna a bayan wasu kwalaye a rumfar wata ƙawarta, inda muke hango komai.

Dillalai sun yi layi a kan benci a rumfar Baba Ari, Sarkin dillalai. Dogon tsoho ne baƙi, da tsagen Barebari a kumatu, da carbi mai manyan 'ya'ya. Babana na gefe a rumfarsa, ya harɗe ƙafa, kamar abin bai shafe shi ba.

Sai ga Abdulmannan. Ya sa shadda ruwan sararin samaniya, guga har tana ɗaukar ido. Na ce a raina, wayyo, wa ya ce maka ana zuwa kasuwar kifi da sabuwar shadda? Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a gaban Baba Ari.

"Barka da hantsi, Baba."

"A'a, malamin waya! Tashi, tashi, kada kaska ta hau ka," in ji Baba Ari. Benci ya kwashe da dariya.

"Baba, kalmar nan na zo neman gafara a kanta. Bakina ne ya zame, kuma ba tarbiyyar gidanmu ba ce."

"Mun ji. Sauran maganar fa? Cewa za mu nemi wata sana'ar?"

Na ce a zuci, Abdul, don girman Allah ka ce wasa kake.

"Wannan, Baba, har yanzu ina ganin akwai gaskiya a ciki."

Wani dillali ya miƙe tsaye, Baba Ari ya ɗaga masa hannu ya koma ya zauna. Tsohon ya ƙura wa Abdulmannan ido, sannan ya yi wani murmushi da bai kwantar mini da hankali ba.

"Madalla. Ina son yaro mai tsayawa a kan maganarsa. Usaini! Kawo kwalinka ɗaya."

Wani siririn masunci, baƙon Baba Ari daga Baturiya, ya cicciɓo kwali ya dire.

"Ga kifi, ga kasuwa, ga masu saye. Sayar mana da shi irin na gobe, ba dillali. In ka sayar, mai kaya ya karɓi kuɗinsa, mai saye ya tafi da kayansa, kowa ya gamsu, za mu ci goronka. In ka kasa, ka bar mana 'yarmu."

'Yarmu. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa, don ban san haka suka ɗauke ni ba.

Abdulmannan ya ja kwalin zuwa bakin hanya, ya kwance igiya, ya tsaya a kansa. Rana ta fara zafi. Masu saye suna zuwa, su leƙa, su ga manyan tarwaɗa baƙaƙe suna sheƙi a sama, su tambaya, "Wane ne maigidanka?" In ya ce ba shi da maigida, sai su yi gaba. Wata Madam 'yar Anaca, ƙatuwa, da jaka ɗaure a ƙugu, har ta ɗaga kifi ɗaya ta shinshina.

"Wa zai tsaya maka?" ta tambaya da Hausarta mai kauri.

"Ni zan tsaya wa kaina."

"Kai wa? In na kai gida na ga ƙasa duk gari ne, ina zan gan ka?" Ta ajiye ta wuce.

Iya ta raɗa mini abin da ban sani ba duk zamana 'yar fatoma. Kowane kwali yana da fuska. Manya ake jerawa a sama, ƙanana da karyayyu a ƙasa. Ba a ɗauke shi ha'inci ba, don kowa ya san da shi, mai saye ma da lissafin haka yake tayawa. Dillali ne ya san hannun kowane masunci, shi zai ce wannan fuskarsa da cikinsa ba nisa, a yarda da shi. Ba a zazzage kwali a kasuwa. Ba a taɓa yi ba.

Gumi ya jiƙa bayan shaddar Abdulmannan. Dillalai suna ta shan shayi suna jefa masa magana.

"Malam, ko sabis ne babu?"

"A tura wa kifin data mana!"

Na ga ya tsaya cak, yana kallon kwalin kamar yau ya fara ganin sa. Sai ya juya wurin mai kayan.

"Malam Usaini, ka yarda in zazzage shi?"

Masuncin ya kalli Baba Ari. Baba Ari ya ɗaga kafaɗa. Usaini ya ce, "Ni dai ba abin da na ɓoye."

Abdulmannan ya ari tabarma a wurin mai shayi, ya shimfiɗa a tsakiyar hanya, ya naɗe hannun riga, ya rungumi kwalin nan mai maiƙo a ƙirjin sabuwar shaddarsa, ya kifar da shi a hankali.

Kasuwa ta yi tsit ta wajenmu.

Tarwaɗa ce manya tun daga sama har ƙasa. Ba gari, ba karyayye, ba ƙanana. Ashe shi Usaini bai iya yin fuska ba, yadda ya kamo haka yake jerawa, kuma shekara da shekaru ana sayen kayansa da farashin kwali mai fuska.

"Ga shi nan, jama'a!" Abdulmannan ya ɗaga murya, irin muryar bidiyonsa. "Ba sai kun yarda da ni ba, ba sai kun san ubana ba. Ku duba da idonku, ku taya!"

Kafin ka ce me, an yi masa zobe. Madam ɗin nan ta dawo da gudu tana ture mutane. Wannan ya taya, wancan ya ƙara, Madam ta ƙara a kai tana zare ido. Usaini ya saki baki, yana kallon farashin kifinsa na hawa inda bai taɓa zuwa ba. Da aka kai inda ba mai ƙarawa, Abdulmannan ya kalle shi, shi kuma ya ce, "Na sallama."

Na damƙe hannun Iya har ta ce, "Ke, za ki karya ni!" Ina ta murmushi a cikin takunkumi kamar wawuya. Shaddarsa ta lalace, hularsa ta koma ƙeya, amma ban taɓa ganin ya yi mini kyau irin na lokacin ba.

Ashe da sauran aiki.

Aka mayar da kifi kwali aka ɗaure. Madam ta karɓi lambar asusun Usaini, ta danna wayarta, ta nuna masa. "Ya tafi." Usaini ya zaro 'yar ƙaramar wayarsa mai madannai, ya duba. Shiru. Ya ɗaga ta sama, ya girgiza, ya sake dubawa. Shiru. Direban motar Anaca ya hau danna oda, yaran mota suna rufe tamfol.

"A ɗauka mini kayana, mota za ta tashi!" in ji Madam.

Usaini ya haye kan kwalin ya zauna. "Ba alat, ba kifi."

"An cire kuɗi a asusuna! Ga shi!"

"Ni ban gani a nawa ba."

"Kai ɓarawo ne?"

"Wa kike kira ɓarawo?"

Ta kama igiya ta wannan gefe, ya kama ta wancan. Mutane suka fara taruwa, 'yan uwan Madam suka matso, masuntan Baturiya su ma suka matso. Abdulmannan na tsakiya, yana duba wayar Madam yana cewa rasit ɗin kamar na gaske ne, banki ne ke jan ƙafa, a ɗan jira. Ba mai sauraron sa. Ita ba ta san shi ba, shi ma Usaini yau ya fara ganin sa. Dillalai kuwa suka harɗe hannu a ƙirji.

"Malam," in ji Baba Ari daga kan benci, ko murya bai ɗaga ba, "kira manhajar taka ta raba su mana."

Abdulmannan ya share gumi. Ya kalli motar, ya kalli mutanen da suka fara zage-zage. Sai ya ratsa taron, ya nufi rumfar Babana, ya zube a gabansa.

"Baba, a tsaya mana."

Babana ya kalle shi daga sama har ƙasa. "Ba baƙona ba ne. Kowane masunci da maigidansa. Ka san inda za ka."

Ya tashi ya koma gaban bencin da aka wuni ana yi masa dariya, ya sake durƙusawa.

"Baba Ari, a tsaya mana."

"Me ka ce? Kunnen tsufa."

"A tsaya mana, Baba!" ya faɗa da ƙarfi, har masu kwaɗi suka waiwayo.

Tsohon ya miƙe a hankali, ya gyara riga, ya taka zuwa wurin kwalin. Bai duba wayar kowa ba.

"Madam Anaca, ɗauki kayanki, Allah ya kiyaye hanya. Usaini, sauka. In kuɗinka bai shigo ba zuwa la'asar, ka zo ka karɓa a hannuna."

Shi ke nan fa. Usaini ya sauka kamar an zare masa ƙaya. Madam ta saki igiya tana cewa "Na gode, Baba," yaran mota suka cilla kwalin sama. Faɗan da ya kusa zama na ƙabila ya mutu da magana ɗaya. Na kalli tsohon nan, na kalli Babana da ke can yana jan carbi, na tuna sau nawa na ga baƙi a zaurenmu ban taɓa tambayar me yake yi musu ba. Kunya ta kama ni, da wani irin alfahari da ya cika mini ƙirji.

Baba Ari ya dawo ya zauna. "To, malamin waya. A kasuwar taku ta sama, in haka ta faru, wa ke tsayawa?"

"Baba, in kirifto ne da kirifto, manhaja na iya riƙe na kowa har a gama, ba a bukatar mutum. Amma ranar da za ka mayar da shi naira ka sayi shinkafa, sai an bi ta banki, kuma a nan irin wannan rigimar take. Kasuwar kamfani ita ke riƙe kayan har alat ya shigo, in an yi gardama ta raba. Aikinku take yi. Na san da haka, ban faɗa a bidiyon ba, don ina jin haushinsu."

"To wacce za ta mutu a cikinsu?"

"Ni dai har gobe ina ganin zazzage kwali zai yi yawa. Mutane sun gaji da a ce musu ku yarda kawai, suna so su gani, su riƙe makullinsu. Kasuwar kamfanin da ta ƙi buɗe cikinta a duba, za a gudu a bar ta. Amma wadda ba ta da maigida, in ka yi kuskure ba wanda zai ce maka zo ka karɓa a hannuna. Yau na ga tsadar wannan maganar."

"Kai dai ba ka iya cewa na tuba a taƙaice ba," in ji Baba Ari. Ya nuna wani jibgegen masunci da ke jingine da kwalayensa. "Ka ga wancan? In ka zazzage nasa, sai an kai ka asibiti." Dariya ta tashi, har da shi jibgegen. "Amma Usaini, daga yau a tabarma za mu riƙa sayar da naka. Mun cuce ka ba mu sani ba."

Wani daga benci ya ce, "Sarki, ai bai cika sharaɗi ba. Da dillali aka ƙarasa."

Baba Ari ya ja carbinsa.

"Bai cika ba," ya ce. "Rabi ya sayar, rabi na sayar. To ina la'adata?"

Abdulmannan ya hau laluben aljihu. Kafin ya zaro komai, sai na ji Iya ta miƙe daga gefena, ƙafar da ke ciwo ta warke sarai. Ta ratsa maza da kwandonta, ta dire shi a gaban Sarkin dillalai, ta yaye zanen da ke kai. Ashe goron ta kwaso.

"Ga la'adarka nan, Ari. Ka ci, ko in tuna wa kasuwa shekarar da ka kifar da kwalekwale a gaban 'yan mata."

"Iya, rufa mini asiri!" Ya ɗauki fari guda, ya ɓare, ya jefa rabi a baki, ya aika wa Babana da rabin. Na zuba wa Baba ido. Ya juya goron a hannu, sannan ya ɗan gatsa. Kwando ya bi benci, hannu bayan hannu, har ya dawo wayam.

"Saura abu ɗaya," in ji Baba Ari yana gyara zaman hularsa. "Ɗauko wayar. Sabon bidiyo za ka yi, ni a ciki. Ka tsaya ta inda hasken ya fi kyau."

Muna sulalewa ni da Iya ta bayan rumfuna, sai na ji muryar Baba a bayana.

"Ke mai takunkumi. Hijabin nan ni na sayo shi a Kano. Ki ce wa mai shi a ƙara hannu a tuwon dare, da baƙo."

Ban san lokacin da na ruga ba.

Bayan la'asar gidanmu ya koma kamar ana biki. Umma na tuƙa tuwo tana waƙa ƙasa-ƙasa, ta koma kira na "ke". Baba na zaure da rediyonsa. Na yi wanka na sa atamfar nan, yanzu hannu biyu a ciki, na zauna a bakin gado ina karanta saƙon Abdul: "Alat ɗin Usaini ya shigo. Shaddata kuma ta rasu, a yi mata addu'a." Ina cikin rubuta masa amsa na ji tsayuwar mota a ƙofar gida, sannan sallamar mace.

Turarenta ya riga ta shigowa. Doguwa ce fara, cikin leshi ruwan zuma da mayafi sirit, da baƙin gilashi, da makullin mota a yatsa. Ba 'yar unguwarmu ba ce, ban ma taɓa ganin ta a Haɗeja ba. Ta gaida Umma da Iya a tsaye, ta cire gilashin, ta dube ni tun daga ɗaurin ɗankwali har lallen ƙafa.

"Ke ce Umaima?"

"Ni ce. Sannu da zuwa."

"Sunana Zinariya, daga Jahun nake. Yanzu na ga sabon bidiyon angonki, yana ta koya wa duniya kowa ya riƙe makullinsa." Ta yi murmushin da bai kai ido ba. "To ki tambayar mini shi, me ya sa makullin dukiyata ni yake hannunsa? Kuma me ya sa tun ranar da aka sa muku rana ya daina ɗaukar wayata?"

Muciya ta tsaya a hannun Umma. A zaure kuma, na ji Baba ya kashe rediyo.